Tsokar da Aka Aro daga Ƙasa

Bari in ba ka misalin wata likitar ciwon daji da ta yi furfura a kan aiki guda. Ta san Allah Ya zuba wa jinin ɗan Adam wasu ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, su ne sojojin jiki. Sai ta riƙa ɗibarsu daga jinin majinyaci, ta yi kiwonsu a ɗakin bincike har su yi yawa, ta mayar masa. In dajin a cikin jini yake, sukan yi nasara. Amma in ya dunƙule ya zama ƙari mai tauri, sai su yi ta kewaya shi kamar baƙon da ya iso gari bayan an rufe ƙofa, har su gaji su mutu. Abokan aikinta suka gaji suka kama wani fannin, ita kuwa taurin kai ya hana ta.

Ana nan aka kawo mata wani masunci, daji ya kama hantarsa ya fara yaɗuwa. Aka yi tiyata aka yanke abin da zai yanku, sauran kuwa wuƙa ba ta isa wurin. Wansa ya zo da farin ƙyalle don ya karɓi tsokar da aka cire ya binne, yadda aka saba yi da duk abin da ya rabu da jikin mutum. Har ta miƙa masa sai ta tsaya. Ta sha duba irin wannan tsoka don gane cuta, amma ba ta taɓa neman magani a cikinta ba. Ta ce, "Malam, ara mini ita tukuna." Ya ce, "Likita, in dai za ta amfani ƙanena, ai ƙasa ba gaggawa take yi ba."

Ta sa ta a madubin likita mai ƙara girman abu, ta duba. Can tsakiyar ƙarin, inda nata sojojin suka kasa shiga, ga wasu 'yan ƙwayoyi, sojojin jikin masuncin, sun galabaita, amma da ransu. Ba wanda ya aike su, ba wanda ya nuna musu hanya, suna can suna ta fafatawa ba wanda ya sani. Ta yi ta tasbihi, hawaye na zuba. Ta tsince su, ta ciyar da su har suka murmure suka hayayyafa, ta mayar wa masuncin ta jijiya. Waɗannan ba su tsaya kewaye ba, don sun san kowane lungu. Kafin damina ta ƙare hoto ya nuna ƙarin ya ƙanƙance, da ruwan kogi ya janye kuwa mutumin ya tura kwalekwalensa da hannunsa. Ragowar tsokar ta naɗe a ƙyallen nan ta mayar wa wan, ya je ya binne ta ita kaɗai.

Ka ga gaskiyar masu iya magana da suka ce, da ɗan gari akan ci gari.