Ranar da Manaja Ya Dawo

Manaja ya tsaya a ƙofar masana'antar sabulun da yake kula da ita. Wata guda ke nan da ya kashe wayarsa ya yi tafiya ba sallama. A wani taron horar da shugabanni ya ji an ce shugaba na gaske shi ne wanda ko ba ya nan, aiki ba ya tsayawa. Shi kuwa ba ya jin sabon abu bai gwada ba.

Yanzu da-na-sani ke cin sa. In inji ya lalace fa? In dillalai sun gudu?

Ya leƙa. Inji na ta ruri, ana loda kwalaye a mota. Ya yi ajiyar zuciya, ya wuce ofishin kawunsa, mai masana'antar.

"Kawu, gwajina ya yi! Wata guda ba na nan, ko kwali ɗaya bai makara ba."

Tsohon ya cire tabarau a hankali.

"Au, ba ka nan? Wallahi ba mu lura ba, ɗana. Ni ma jiya na karanta cewa duk kujerar da ba a jin rashin mai ita, a ɗauke ta. Ajiye makullin ofis a nan."