Muryar Alhaji a Kaset

Wayar Kaka ta yanke hukunci: daga gobe manhajar saƙo ba za ta ƙara buɗewa a tsohuwar waya ba. A ciki kuwa muryar marigayi mijinta take, saƙonnin da yake turo mata daga hanyar fataucin shanu.

"Amarya, ƙyale tsohon nan, ga ni saurayi ɗanye," na ce mata da wasan jika.

"Ja can, mijin banza! Ba kai ke cika baki da gyaran waya a unguwar Dichemso ba? Ciro mini shi."

Na yi duk dabarata, wallahi ko'ina a kulle. Wayar tamu ce, amma makullin na hannun kamfani.

Sai na tuna rikodar da muke jin tafsiri da ita muna yara, wadda ba ta taɓa neman izinin kowa ba. Na kakkaɓe ta, na kara wayar, na danna jan maɓalli, na kunna saƙonnin.

"Kowa ya yi shiru fa!"

Da muka maido kaset ɗin baya, muryarsa ta fito: "Hajiya, mun wuce Techiman, a ajiye mini tuwo."

Can ƙasa-ƙasa a kaset ɗin, sai ga muryar Kaka: "Na ajiye, Alhaji."