Sannu da Hutawa

"Sannu da hutawa, Mama," in ji fasto daga bakin ƙofa.

Gaisuwar ta soke ta kamar allura. Shekara talatin da ɗaya tana sharar coci, tana wanke ƙananan kofunan jibin Ubangiji, ba ta san wata gaisuwa ba sai "sannu da aiki". Yanzu ciwo ya kwantar da ita, ya shanye hannayenta biyu.

"Hutawa? Har gida ka biyo ni da baƙar magana? Na yi wa Allah bauta har gwiwoyina suka ƙare, sakayyar ke nan? Waɗanda ko benci ba su taɓa gogewa ba suna can suna taka rawa, ni ina nan yashe kamar buhu."

Fasto ya zauna a gefen gado, ya fito da gurasa, ya zuba ruwan inabi a ɗan kofi, zai ba ta jibin Ubangiji.

"Mayar da abinka," ta ce. "Wata huɗu ban tsinana wa Ubangiji komai ba. Da wane ido zan karɓa?"

"Ai da ma ba tsintsiya ce ta saya miki ba, Mama."

Ta yunƙura za ta ture kofin, hannu ya ƙi tashi. Ta cije haƙora tana hararar kofin, sai ta gane shi. Mai tsaga a baki ne, wanda kullum take turawa can ƙuryar kabad don bai cancanci hawa tebur ba.

Ga shi cike taf.

Ta buɗe baki ta karɓa.