Izu Ashirin da Uku

Kwana bakwai da binne ɗansa, wanda motar 'yan kamfen ta banke a hanyar Rano, tsohon mai ɗinkin littattafan garin Lausu ya ɗauko Alƙur'anin da marigayin yake rubutawa da hannu. Tun bara ya sassaƙa masa bangon katako, ya haɗa allunan biyu da fatar da za ta ɗauki izu sittin.

"Malam, bai gama ba fa," in ji matarsa. "Ashirin da uku ya rubuta."

"Na sani."

"To, a rage fatar mana."

Ya ɗauki wuƙa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ajiye. Ya ɗaure bangon a haka, fatar tana reto a inda izu talatin da bakwai za su zauna.