Horon Kumandan

Tun zamanin da Damagaram ke yaƙi da igwa, ba a yi gwanin horar da mayaƙa kamar Kumandan ba. Digiri biyu gare shi, ba aikin yi, kuma shi ke jan rundunar unguwar Zango a wasan nan na waya da mutum goma ke taruwa su kashe dodo ɗaya.

Da rundunar ta rasa mai ba mayaƙa magani a wasan, sai ya damƙa tsohuwar waya ga mai kawo musu ruwa gida, wani magidanci da fari ya koro daga ƙauyen Dakusa.

"Danna kore, baƙauye! Kore na ce! Jaki ma ya fi ka saurin ɗauka."

"Kumandan, an ce famfo ya kawo. Jarkokina na kan layi."

"Kana tashi, mu tara mun mutu. Ka gudu ana tsakiyar yaƙi, gidanmu ya daina sayen ruwanka. Zauna!"

Mutumin ya zauna.

Dodon ya faɗi bayan azahar. Famfon ya riga ya ɗauke, sai kuma jibi in Allah ya yarda. Kumandan ya yi dogon jawabi kan biyayya, har ya ce baƙauyen ya fara zama mutum.

A cikin gida, mahaifiyar Kumandan ta karkata randa, ta leƙa, ta mayar da murfi. Ba ta kira kowa ba. Ta durƙusa, ta buga tafukanta a ƙasa, ta yi taimamar la'asar.