Mahaƙin Rijiya da Hannun Jari Mai Arha

Ranar Laraba ce, bazara ta yi tsanani, ko ganye ba ya motsi. Wani mahaƙin rijiya yana zaune gindin darbejiya, wayarsa sai ƙara take. Bayansa ya fara gajiya da shiga rami, ya daɗe yana tara kuɗin injin ban ruwa don ya koma noman rani. To a wannan makon duk inda ya juya zance ɗaya ne: wani sabon kamfanin fasaha, wai zai haɗa manhajar da kowace waya a duniya za ta nema, hannun jarinsa ko kuɗin ashana bai kai ba. Masu talla na ta turo saƙon murya safe da yamma, da hoton motoci, wai wanda bai saya a makon nan ba ya yi asara. Ba wanda ya taɓa ganin manhajar. Maƙwabcinsa, wanda ya riga ya saya da yawa, ya fi kowa matsa masa. Zuciyar mahaƙin ta raya masa ya zuba kuɗin injin gaba ɗaya, ya fito da na inji uku.

Sai dai mutumin yana da al'ada: ba ya sauka rijiya sai ya ja igiyar da za ta fito da shi ya ji ƙarfinta. Sai ya sayi na kuɗin goro, kwana kaɗan ya ce zai sayar. Shiru, ba mai saye. Ya tuntuɓi masu tallan, suka ce, "Haba Malam, yanzu ai lokacin ƙari ne!" Ya ce wa maƙwabcin ya karɓa a rabin kuɗi, tunda abu ne mai tashi. Maƙwabcin ya sosa ƙeya, ya ce shi ma nasa yake neman kai da shi. Nan ya gane duk masu ihun nan masu sayarwa ne, ramin kuma ba igiya. Kafin wata ya mutu farashin ya faɗi warwas, wayoyin masu tallan suka daina shiga. Ya laluba kuɗin injinsa, suna nan lafiya lau. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi, ya ci tuwonsa har da ƙari. Washegari da safe ya hau mota zuwa kasuwa, ya sa aka tayar da injin a gabansa, ya ga ruwa na fita, sannan ya biya.

In ka ji ana roƙonka ka zo ka yi arziki, tsaya ka tambayi abin da ya fito da mai roƙon. Banza ba ta kai zomo kasuwa.