Aji Mafi Natsuwa

Malam ya danna wa ajinsa na intanet bidiyon da ya ɗauka jiya, ya gyara wa kwamfutar zama, ya zari takalmansa. A allo ga shi nan yana koyar da darasin ƙirƙira a harkar kasuwanci, ɗalibai kuma daga gidajensu sai gyaɗa kai suke yi. Shugaban sashe, mai sanƙon nan, ya rantse duk malamin da ya sake tsallake aji ya bar aiki. Amma yau wasan ƙarshe ake bugawa.

Yana zama a gidan kallon ƙwallo, na kusa da shi ya sunkuyar da kai. Monitan ajinsa ne. Malam ya waiga, ya ga benci biyu cike da ɗalibansa.

"Ku da wa kuka bari a aji?"

"Bidiyonmu, Malam," in ji monita. "Kai ka ce mu riƙa ƙirƙira. Kai fa?"

Kafin ya amsa, waya ta yi ƙara. Shugaban sashe ne. Malam ya toshe kunne ɗaya.

"Yanzu haka ina leƙen ajinka daga ofis," in ji shugaba. "Ban taɓa ganin ɗalibai masu natsuwa haka ba."

"Ƙoƙari muke yi, ranka ya daɗe."

Sai aka zura ƙwallo. Ihu ya cika ɗakin, ya kuma fito ta cikin wayar Malam.

A bencin gaba, wani mai sanƙo ya waiwayo a hankali, waya manne a kunnensa.